Sulusin Sa

Muntaka mahauci ko harafi ɗaya na Faransanci bai iya karantawa ba, amma a kasuwar Garwa in mutane suka haɗa hannu suka sayi sa don watanda, shi ake nema ya raba. Wuƙarsa ba ta taɓa cutar kowa da ko tsoka ɗaya ba.

'Yarsa Saudatu kai gare ta, sai dai haruffa ba sa zama mata wuri ɗaya, layi ya hau layi, sai ta bi su a hankali da yatsa. Sau biyu tana zana jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, sau biyu ana karɓe takarda ba ta gama ba. Bana kuma shekarunta sun kai iyaka, in ta faɗi shi ke nan. Bayan doguwar zirga-zirga, likita ya ba ta takarda a ƙara mata sulusin lokaci.

Ranar jarrabawa Muntaka ya bar teburinsa ya rako ta. A bakin aji suka tarar da mai tsaron jarrabawar, wani Misye Léon, mutum mai son a san yana da agogo. Ya duba takardar sama-sama, ya ce cikin Hausarsa ta kasuwa, "Tiers-temps, sulusin lokaci, voilà. Minti ashirin."

Saudatu ta sunkuyar da kai. Ran Muntaka ya ɓaci, amma bai ɗaga murya ba.

"Misye, awa nawa ce jarrabawar?"

"Uku."

"To, sulusin me ka yanka mata?"

"Sulusin awa mana."

"In mu uku muka sayi sa, sai ka yanko cinya ɗaya ka raba uku ka ce ga rabona? Ai sa ɗin dukansa ake rabawa. Awa uku, kasonta awa guda cur."

Iyayen da ke kusa suka ƙyalƙyale da dariya. Misye Léon ya sake karanta takardar, wannan karon da yatsa shi ma, ya leƙa ofis, ya dawo yana gyaran murya. Ya rubuta a allo: Saudatu Muntaka, ƙarfe goma sha biyu.

Sha ɗaya na bugawa, ɗalibai suka fito, iyaye suka kwashi nasu. Muntaka ya rage shi kaɗai a gindin dalbejiya, yana hango 'yarsa ta taga, ita ɗaya tal a aji, kai a ƙasa. Alfahari ya cika shi har ya kasa zama.

Rosalie, wadda yake yanka wa nama kullum, ta zo wucewa da ɗanta.

"Baba Muntaka, lafiya? Taka ba ta fito ba. Ko tsare ta suka yi?"

Ya gyara hularsa, ya nuna tagar da haɓa.

"Ba wanda ya tsare ta," in ji shi. "Rubutu take yi."