Mota mai ruwan toka a madubin Errol

Shekara ashirin da takwas Errol Zammit ya yi yana jan tirelar ayaba daga Tully zuwa kudu, bai taɓa goge fentin motar kowa ba. Direbobi suna ce masa Fada, wato limamin coci, don ba a taɓa jin ashar daga bakinsa a rediyon da suke hira da juna a kan hanya ba.

A damina ta ashirin da tara abin ya same shi. Wata Talata ce, wajen ƙarfe biyu na rana, ya wuce Cardwell kaɗan. Ruwa ake tsugawa irin na watan Fabrairu, tsakiyar damina a ƙasar, sama da kwalta duk sun zama launi ɗaya. A wurin titin ya buɗe layi biyu don masu son wucewa, can gaba ya sake tsukewa. Errol yana layin hagu. Da ya ga layin nasa zai ƙare sai ya sa sigina, ya duba madubin dama. Babu komai a ciki sai farin feshin da tayoyinsa ke tayarwa. Ya ƙara dubawa, sannan ya karkata sitiyari.

Ƙarar da ya ji ba ta fi ta taka gwangwani ba.

Ƙaramar mota ce mai ruwan toka, fitilarta a kashe, tana tafe cikin feshin dab da tayoyin baya. Ta wuntsila sau biyu ta faɗa lambatu. Matar da ke ciki, Bronwyn Teale, malamar firamare ce a Ingham. Errol ya yi minti arba'in tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana tare mata tagar da ta fashe da rigarsa ta ruwa. Ta cika kafin motar asibiti ta iso.

Aka yi bincike, aka kalli hoton kyamarar da ke jikin tirelar, aka ce ba shi da laifi. Mai binciken ma cewa ya yi ko shi ne a kujerar ba zai gan ta ba. Errol ya gyaɗa kai, ya koma bakin aiki.

Rani ya wuce lafiya. Amma ruwan farko na damina da ya tare shi a tsakiyar gonakin rake, yana duba madubi sai ga hancin mota mai ruwan toka ya leƙo daga cikin feshi, daidai tayoyin baya. Ya taka birki har kwalayen ayaba suka zame. Feshin ya kwanta. Titi fayau, ba kowa.

Daga ranar ta zama abokiyar tafiyarsa. In rana na haskawa ba ta zuwa, da dare ma ba ta zuwa. Sai da rana tsaka, in ruwa ya kece.

Matarsa Rosina ce ta fara ganewa, don da ruwa ya soma dukan kwanon gida sai ya ajiye cokali.

"Maigida, ko ka faɗa mini, ko ka faɗa wa likita. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓi likita. Likitar ta saurare shi sosai, ta ce ido ne ke maimaita abin da zuciya ta kasa ajiyewa. In ya ga motar, ya ja numfashi, ya ce wa kansa tunani ne, ya ci gaba da tuƙinsa yadda ya saba. Ya gwada, kuma ya ji sauƙi. Motar takan fito, ya ce mata tunani ce, ya shiga layinsa, ta narke cikin ruwa.

Ana nan, a damina ta uku bayan hatsarin, wata Juma'a da tsakar rana ya baro Ingham, ruwa kamar da bakin ƙwarya. A bayansa akwai Noelene Pryor, wadda ke jan tirelar shanu, ranar kuwa ba ta ɗauko komai ba. Sun fi shekara goma suna bin hanyar nan tare.

"Fada," in ji ta ta rediyo, "tafiya kake ko addu'a? Kunkuru ya wuce ni ɗazu yana tambayar ko lafiya."

"Ki bi shi mana, ai dangin mijinki ne."

"Allah ya shirye ka. In mun isa gidan mai kai za ka sayi shayi."

Titi ya buɗe layi biyu, suka yi ta tafiya a hagu. Alamar ƙarewar layi ta bayyana. Errol ya sa sigina, ya duba madubi.

Tana nan. Hancin nan mai ruwan toka, ba fitila, yana ɓacewa yana dawowa cikin feshi.

Ya ja numfashi. Tunani ne, ya ce wa kansa. Hannunsa har ya fara juya sitiyari, sai ya ji ɗayan hannun ya cafko rediyo.

"Noelene, akwai mota a damata?"

"Wace mota? Feshinka ya rufe duniya, ko bayan tirelarka da ƙyar nake gani. Shiga, layin ya ƙare!"

Bai shiga ba. Ya taka birki ya kwanta hagu, tayoyi suka sauka kan tsakuwa, yana jin sandunan roba na gefen titi suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashinsa. Noelene ta danna oda tana zunduma ashar. Sai ga ƙaramar mota mai ruwan toka ta fito daga feshin ta gefen tagarsa, waifa na share gilashinta, ta wuce ta shige gabansa.

Muryar Noelene ta dawo ta rediyo a sanyaye.

"Errol. Mota ce."

"Kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Da idonki?"

"Da me zan gan ta? Ga ta can tana tafiya, ko fitilar baya babu."

A gidan man da ke gaba suka tarar da motar a bakin famfon mai. Mai ita wata ma'aikaciyar jinya ce, za ta yi shekara arba'in, sanye da kayan aikinta. Noelene ta diro za ta wanke ta tas, Errol ya riƙe mata hannu. Ya taka a hankali har gaban motar ya ɗora tafinsa a kan murfin injin. Da ɗumi. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Lafiya, baba?" in ji matar.

"'Yata, fitilarki a kashe take."

"Ai mai kunna kanta ce."

"Sai duhu ya yi take kunna kanta. Ruwan rana ba duhu ba ne a wurinta." Ya leƙa ta taga ya nuna mata abin murɗawa. Ta murɗa, fitilu suka kama. Ta yi 'yar dariyar kunya, ta ce shekara huɗu tana da motar ba ta sani ba. Ta gode, ta ja motarta ta tafi. Bai gaya mata sauran ba.

A ciki Noelene ce ta sayi shayin. Ta zuba masa sukari cokali uku ba ta tambaye shi ba. A nan ya ba ta labarin duka, abin da ban da Rosina da likita ba wanda ya sani.

"To ai ka gode wa Allah," in ji ta. "Yau ta gaske ce, kuma ka tsaya."

"Tun da na fara bin maganar likita, sau tara na gan ta. Duk taran na shiga layin."

"Ba abin da ya faru kuwa."

"Ba abin da na ji." Ya juya kofin a kan tebur. "Wataƙila ba kowa. Wataƙila wani ya taka birki a kan lokaci, ya zage ni, ya wuce gida. Ta ina zan sani?"

Suka zauna suna kallon ruwa na gangarowa a gilashi har shayin ya huce.

Sai da sama ta washe ya tashi motar. Ya kai ayabar Townsville a makare, ya dawo washegari, ya miƙa wa shugaban tashar, Harjit Sandhu, makulli. Harjit ya yi ta lallashi, ya ce ya ɗauki hutun damina ya dawo da rani, direba irinsa ba a tsintarsa a hanya. Errol ya ce a'a, in akwai aikin lodi a rumfa yana so.

Aka ba shi. Shekara biyu ya yi yana jera kwalayen ayaba a bayan tirelolin wasu, har ya yi ritaya. Noelene takan tsaya in ta biyo ta Tully, ta tsokane shi cewa ya yi tumbi. Sau ɗaya ta tambaye shi ko har yanzu yana ganin motar nan mai ruwan toka. Ya ce yau an samu ayaba mai kyau, ta ɗauki kwali ɗaya ta kai wa yara.