Ɗaurin Cikin Sadiyatu

Shekara ashirin da biyu na yi ina duba masu ciki a ɗakin awo, amma a gidan da nake haya a Ƙofar Atiku maganata ba ta kai ta Gwaggo Ummulkhairi ba. A wurinta ni Monica ce kawai, mai raba maganin ciwon kai.

Sadiyatu, matar Hayatu direban tifa a Kalambaina, ɗakinta na kallon nawa. Cikin fari ne, wata takwas, ɗan kuwa ga ƙarfi, in ya yi shuri har ta saman riga ana gani. Tun farko na gaya mata motsin nan shi ne lafiyarsa, ranar da ta ji ya ragu kada ta zauna.

Sai ga Gwaggo, yayar uban Hayatu, ta zo daga ƙauye jiran haihuwa. Tana ɗora hannu ta ji shuri, ta hau salati. Wai irin wannan ɗa shi ke yaga mabiyiya, wadda ke ciyar da shi a ciki, jini ya ɓalle a rasa uwa da ɗa. Na ce mata ɗa cikin ruwa yake kwance, ban taɓa ganin mabiyiyar da shuri ya yaga ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce tana karɓar haihuwa tun ba a yanke mini cibi ba. Hayatu na tsaye kamar an dasa shi, wai ba ya ja da manya. Kai, namiji!

Ashe kullum da safe Gwaggo tana ɗaure wa yarinyar ciki tamau da zane don ɗan ya natsu. Ta kuma hana ta shiga ɗakina.

Ranar Laraba da la'asar na dawo daga aiki na tarar da Sadiyatu a bakin famfo tana murmushi.

"Anti Monica, ɗaurin Gwaggo ya yi aiki hwa. Tun ran Litinin bai shure ni ba."

Kwana biyu ɗa ba ya motsi, mutanen gida suna ta hamdala, har da sadakar masa! Ban ko ajiye jaka ba, na kwance zanen na jefar, na tare keke napep. Gwaggo ta sha gabana wai in bar ɗa ya huta, na ce ta matsa ko in ture ta da tsufanta. Har yau ban yi nadamar wannan maganar ba.

A asibiti aka ɗora na'ura, aka nemi bugun zuciyar ɗan, aka sake nema. Shiru. Washegari ta haife shi, namiji, cikakke, igiyar cibiya ta naɗe masa wuya. Na san ba zanen ne ya kashe shi ba. Amma saboda zanen ne, da ya yi shiru, aka ɗauka an samu sauƙi.

Da aka miƙa wa Gwaggo mabiyiyar ta kai gida a binne kamar yadda aka saba, sai da na sa ta juya ta gaba da baya a kan idona. Ko ƙwarzane babu. Ta ce haka Allah ya ƙaddara.

Bayan kowa ya fita, Sadiyatu ta riƙe mini hannu.

"Anti, da an kawo ni ran Litinin, da ya rayu?"

Na ce mata Allah ne masani. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta saki hannuna ta juya ta fuskanci bango.