Ɗiyar Tosh a Rumbun Murdo

Shekara talatin da huɗu Ishbel Garvie ta yi tana kiwon karnukan teriya a ƙauyensu na bakin teku, can yammacin Sikotland, ba wanda ya san da zamanta sai manoma. Ƙananan karnuka ne masu gajerun ƙafafu da gashi mai kaushi kamar soso, irin waɗanda tun zamanin kakanni ake turawa cikin tarin duwatsu su koro dila. Kwatsam sai ga masu shirya fim sun zo neman kare, idonsu ya faɗa kan wani namiji mai suna Tosh, ita kuwa ta yarda.

A cikin fim ɗin dusar ƙanƙara ce ta binne wani makiyayi, Tosh ya yi ta tono har ya fito da shi da ransa. Ranar da aka haska shi a zauren taron ƙauye, mata sai share hawaye suke yi. Maƙwabcinta Murdo, tsohon manomi da kunnensa ya yi nauyi, ya sunkuyo ya yi maganar da shi a ganinsa raɗa ce:

"Ishbel, cuku nawa kuka binne a wurin?"

"Rufe mana baki, tsohon kawai."

"Ai na sani! Wannan ko uwarsa aka binne ba zai tona ba sai ya ji ƙanshin cuku."

Gaskiyarsa ce. Da hannunta ta cusa cukun a aljihun ɗan wasan.

Daga nan waya ba ta sake hutawa ba. Kowa a birni yana son irin karen nan don yaransa. Ishbel ta yi ta sallamar mutane, har ranar da wani malamin makaranta, Alasdair Baird, ya tuƙo mota tun daga Glasgow da 'yarsa Kirsty mai shekara tara. Uwar yarinyar ta rasu bara. Sau bakwai Kirsty ta kalli fim ɗin, in ji uban, kuma a nan ne kaɗai yake jin dariyarta.

"Ɗana, wannan ba karen zaman ɗaki ba ne," in ji Ishbel. "Haƙa yake yi, haushi yake yi, in kuwa ya ga abu mai gashi yana gudu, shi ke nan."

"Za mu iya, Mama. Ki taimaka."

Ishbel ta dubi yarinyar a durƙushe cikin ciyawa, wata 'yar kwikwiya cikin 'ya'yan Tosh tana lasar kunnenta. Ishbel ta san zaman gidan da aka yi rashi. Ta ba su kwikwiyar. Kirsty ta raɗa mata suna Nessa.

Bayan wata biyar suka dawo da ita. Alasdair ya kasa haɗa ido da tsohuwar. Nessa ta farke kujerun falo, maƙwabtan bene sun gaji da kai ƙara, shekaranjiya kuma ta fasa keji ta kashe zomon Kirsty.

"Tosh ba zai taɓa yin haka ba, Kaka," in ji yarinyar. "Ko ba haka ba?"

Tosh na kwance gaban murhu yana minshari. Zomayen da ya kashe a rayuwarsa sun fi haƙoran bakinsa yawa. Saura kaɗan Ishbel ta ce haka ne, don ƙaryar ta fi sauƙin faɗa. Sai ta ɗauki sandarta ta ce su biyo ta.

Suka tarar da Murdo a rumbunsa yana zagin ɓeraye, sun cinye masa rabin hatsin dawaki. Ishbel ta ajiye Nessa a ƙasa, ta ce ya ɗaga buhu. Yana ɗagawa ɓeraye suka watse ta ko'ina. 'Yar karyar da ba ta taɓa taka rumbu ba ta shiga cikinsu kamar walƙiya, ta cafki wannan ta girgiza ta yar, ta bi wancan. Kafin Murdo ya gama ihu ta shimfiɗe tara, ta tsaya tana haki, wutsiya na kaɗawa, ƙaiƙayi duk a fuskarta.

Kirsty ta ƙanƙame rigar ubanta, amma ba ta rufe ido ba.

"Wa ya koya mata?"

"Ba kowa, 'yata. Da shi aka haife ta. Ubanta ma haka yake."

"To ba mugunta ba ce?"

Ishbel ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Ita ba ta san zomon naki ne ba. Ni ce na san halinta, kuma na ba ku ita. In akwai mai laifi, ga ni."

Murdo ya goge gumi da hula ya ce, "Ku bar mini ita mana. 'Yar birni ce, amma ta fi wasu mazan ƙauyen nan amfani."

Yarinyar ta kalli Nessa, wadda tuni ta cusa hanci ƙarƙashin wani buhun. Can ta ce ta yarda, amma kada a ɗaure ta, kada kuma a canza mata suna, sunanta Nessa.

"Me ta ce? Nama?" in ji Murdo, yana kara tafi a kunne.

"Nessa!"

"To ai shi na faɗa."

Kirsty ta yi dariya, hawaye bai ma bushe ba. Alasdair ya juya baya kamar mai duba rufin rumbun. Suka yi alkawarin za su zo duk hutun makaranta, kuma sun riƙa zuwa.

A shekarar Ishbel ba ta bari karyarta ko ɗaya ta ɗauki ciki ba. Da masu fim suka bugo suna neman Tosh don kashi na biyu, ta ce musu ya tsufa. Da ɗan gaskiya a ciki. Ta ajiye wayar, ta ɗauki kwanukan abincin karnuka ta fita cikin yayyafi.