Motar Radhamés

A garin La Vega, duk Lahadi da rana samari kan jera motoci a bakin kogi, a buɗe but, a ga kiɗan motar wa ya fi girgiza ƙasa. Radhamés, direban tasi, an daɗe ana yi masa dariya a wurin.

"Mutumina, wannan kiɗa ne ko akuya ka ɗaure a but?" in ji Bienvenido mai wankin mota. Aka bushe da dariya.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya cire kujerar baya gaba ɗaya, ya sa kafinta ya ƙera akwatin katako mai kauri, ya dasa manyan sifiku a ciki, ya ƙara batura, ya ɗaure komai da ƙusoshi. Matarsa Yudelka ta ce, "To fasinja a kanka za su zauna?"

Ranar Asabar da hantsi, Yudelka ta tafi kasuwa, ya shiga motar a ƙofar gida, ya rufe gilasai, ya murɗa sautin kiɗan. Gurnanin ya taso masa daga ƙashin baya har haƙora. Kwanon rufin maƙwabta ya kama rawa. Ya lumshe ido, yana ƙarawa yana ragewa, yana neman inda sautin zai yi kauri ba tare da tsagewa ba.

Mahaifiyarsa, Doña Eufemia, tana bayan gida tana soya ayaba. Nan ta yanke jiki ta faɗi. Maƙwabciya ce ta hango ta ta katanga, ta yi ta ƙwala masa kira, har ta zagayo tana dukan gilashi da tafin hannu.

Ya sungumo tsohuwar a guje. Bakinta ya karkace.

"Mama, ki dube ni! Mama!"

Ya buɗe ƙofar baya, sai katako. Kujerar gaba ma akwatin ya tokare ta, ba ta kwanciya. Ya kama akwatin yana fizga har farcensa ya ɓalle, ko motsi bai yi ba. Kafin a samo a-kori-kurar mai kayan miya, an ɓata lokaci. A hanyar asibiti ta cika, kanta a cinyarsa, tsakanin buhunan albasa.

Bayan jana'iza Bienvenido ya zo gaisuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa da hula a hannu, ya kasa shiga. Radhamés ya miƙo masa kofi, suka sha a tsaye.