Takardar Briskila

Shekara huɗu Briskila tana sujada a ƙaramar ikilisiyar Baftis ta 'yan Sudan da ke unguwar Hadayek el-Maadi a Masar, amma ko sau ɗaya ba ta ci gurasar Jibin Ubangiji ba. Dokar wurin ke nan: sai mamba. Idan faranti ya iso gabanta, miƙa wa Nuha ta kusa da ita take yi, ta sunkuyar da kai.

Fasto Ishaq ya sha gaya mata, "Ma'alish, yi haƙuri, 'yar'uwa. Ki sa ikilisiyarku ta gida ta aiko da takardar sallama, khalas, shi ke nan, mu karɓe ki."

Ta kuwa roƙa, ta sake roƙo. Ikilisiyar da ubanta ya yi wa rufi da hannunsa, can ƙauyensu bayan Malumfashi, ita ce ta ja ta wata tara. Rannan dai takarda ta iso hannun fasto, a liƙe, da hatimi. Al'ada ce a karanta ta gaban jama'a, a ɗaga hannu a karɓi mai ita. To, da Hausa aka rubuta, kuma duk ɗakin ba mai jin Hausa sai Briskila. Aka kira ta gaba, ta sha sabon zane, bakinta har kunne.

Ta gane rubutun Dikin Istifanus, dattijon ikilisiyar kuma ƙanen ubanta, wanda ya riƙe mata mayafi ranar da aka yi mata baftisma a rafi. Ta fara karantawa da ƙarfi. Bayan gaisuwa, sai ga wannan:

"Mun ji daga bakin mahaifiyarta cewa ranar Juma'a take zuwa ibada, ranar Lahadi kuwa aiki take yi. Mun ga hotonta cikin abaya. Saboda haka ikilisiya ta zauna, ta cire sunanta. Ba mu da mamba mai wannan suna."

Kai, jama'a! Wa zai gaya wa Baba Istifanus cewa Lahadi ranar aiki ce a Masar, tana can unguwar Zamalek tana goge benen mutane? Juma'a ce kaɗai hutunta da na sauran jama'a, shi ya sa fasto ya mai da sujada Juma'a. Abayar kuwa don idon maza take sa ta a jirgin ƙasa na metro. Ko a waya ba wanda ya tambaye ta. Zama kawai suka yi suka ɗaga hannu, hannuwan da ta sani ɗaya bayan ɗaya.

Tana kai aya, Nuha ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya ɗauki tafi. Sun ji daɗin Hausa, bayin Allah.

Fasto Ishaq ya yi murmushi. "Yalla, fassara mana. Me suka ce?"

Briskila ta dubi farantin da ke kan tebur, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ta ninke takardar.

"Sun ce sun sallame ni lafiya," in ji ta da Larabci. "Sun ce ni 'yarsu ce."

Hannuwa suka tashi, ba wanda ya rage. Tun da ta zo Masar ba ta taɓa yin ƙarya a gidan Allah ba, sai yau da takardar gida ta iso. Da faranti ya zo ta ɗauki gurasar ta sa a baki. Aka yi addu'a, aka yi waƙar rufewa, har Nuha ta rungume ta, gurasar tana nan a kuncinta, ta ƙi wucewa.