Lakar Takalmin Ummu Hazim

"Ciro takalmin in gani," in ji Usta Gharib daga kan gado.

Ummu Hazim ta dafe ƙirji. "Kai Usta, ka ji tsoron Allah! A gaban 'yarka za ka ce wa matar mutane ta cire takalmi?"

"Mutanen sun rasu shekara tara. Ciro."

Abla, 'yarsa, ta tuntsire da dariya har shayin da ke hannunta ya zube a faranti.

Wata shida ke nan da gidaje suka daina sayuwa a birnin Iskandariyya na Masar, kowa na rabuwa da hannun jarin kamfanonin gine-gine. A lokacin ne wannan tsohon magini ya leƙo ta baranda ya ce wa maƙwabciyarsa Ummu Hazim, "Yanzu ake saye. Mutane ba za su daina aure ba, kuma amarya ba ta tarewa a titi." Ta sayar da awarwaronta na zinariya, ta sayi hannun jarin kamfanin da ya zaɓa mata. Tun daga ranar farashin yake gangarawa. Shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi, tsoronsa ɗaya: kada ya koma ga Allah da hakkinta a wuyansa.

Usta bai yarda da jarida ba. Shi ya sa ya aike ta wurin ginin kamfanin a unguwar Agami. Ya ce in ta tarar da ginshiƙai naɗe da jiƙaƙƙun buhuna, an zuba sabon kankare ke nan, aiki na tafiya. Ta je, ta tarar da komai a bushe, sai mai gadi da akuyarsa. Da ta dawo, ta tsaya bakin famfon layinsu ta taka laka da kyau, sannan ta hau ta ce masa ruwa har idon sawu.

Ya juya takalmin, ya lakato lakar da ɗan yatsa, ya sansana.

"Ƙasar Agami fara ce, Ummu Hazim. Wannan baƙa ce, ga warin kifin shagon Mitwalli na layinmu a jikinta."

"To mai gadin ne yake soya kifi."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kumatunsa. Da numfashinsa ya daidaita, sai ya ce a hankali, "Na cuce ki. Kira ɗanki Hazim ya sayar yau, a tsira da abin da ya saura. Ki yafe mini."

Ta gyara zama ta harare shi.

"Ba zan sayar ba. Ka ɗauka don kamfanin na saya? Ni ko sunansa ban iya faɗa daidai ba. Shekara tara ba wanda ya nemi ra'ayina a kan komai. Da na saya, kullum da safe sai ka leƙo ka ce, 'Abokiyar jari, yaya kasuwa?' Wace zinariya ce ta taɓa gaishe ni?"

"Yafiyar fa?"

"Na yafe duniya da lahira, tsohon rigima. Ba ni takalmina."

Ya miƙa mata, fuskarsa ta washe kamar ta yaro. "Abla, ki shaida. Ki kuma ƙara mata sukari, ƙarya tana cin ƙarfi."

Ranar Alhamis da hantsi Usta ya cika.

Ummu Hazim ta tsaya bakin ƙofarta tana kallon maza suna sauko da makara daga hawa na huɗu. Wani ya ce a yi hattara da kwanar matakala, sai Mitwalli mai kifi ya ce, "Ku tafi kawai, shi ya gina benen nan da hannunsa."

Sau uku makarar ta sha kwanar matakala, ko sau ɗaya ba ta gogi bango ba.