Hancin Aro a Gidan Burodi

A garinmu kowa ya san yadda Eckhard yake watsa fulawa. Zai damƙo ta da hannu ɗaya ya wurga kan teburin kwaɓi, ƙura ta tashi fari fat har ta rufe shi. Haka maigidanmu marigayi Hinnerk ya koya masa, kuma yana taƙama da abin kamar shi ya ƙirƙiro burodi. Ni Wiebke, mai sayarwa a kanta, ni ke share ƙurar, don haka ban taɓa ganin abin burgewa a ciki ba.

Da tari ya kama Eckhard, sai ya ce mura ce. Murar kuwa mai wayo ce, tana barinsa ranar hutu, ta dawo ranar aiki. Wata safiya an gama gashi muna shan kofi, Gesine, matar marigayi, wadda gidan burodin ya koma hannunta, ta ajiye kofinta ta kasa kunne. Ƙirjin Eckhard ne yake fito, muna ji daga inda muke zaune.

Ta ce, "Gobe za ka ga likitan huhu. Ni kuma zan sanar da inshorar masu burodi. Doka ce, wanda ya ɗauki ma'aikaci, in ya ga alamar aikin ne yake cin sa, dole ya faɗa."

Ya ce, "Uwar ɗakina, don Allah ki rufa mini asiri. In suka shigo, raba ni za su yi da tanda. Su tura ni koyon danna kwamfuta, da waɗannan hannuwan?"

Na ce, "Ai gara kwamfuta da akwatin gawa."

Ya ce, "Ke wa ya sa da ke, sarauniyar surutu?"

Gesine ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Hinnerk ma mura ya ce. Shekara da shekaru ina kwana da wannan fiton a kunnena, har ranar da ya daina. Shi mai gida ne, ba wanda ya isa ya kai maganarsa gaba. Kai kuwa kana da mai kai taka."

Eckhard ya kwance ƙyallen aikinsa ya rataye, ya fita. Gesine ta sanar da su a ranar, sannan ta shige ɗakin ajiya ta yi kuka. Wallahi ta ba ni tausayi, shi kuma ya ba ni haushi.

Likita ya ce asma ce ta fulawa. Eckhard ya zauna a gida, in zai wuce da karensa sai ya tsallaka wancan gefen titi. Burodinmu ya lalace, ni kuma na sha mitar masu saye a kanta har kunnena ya gaji.

Ashe mutanen inshora ba korarsa suka zo yi ba. Sun sa an kafa bututu mai zuƙe ƙura a saman tebur, an sauya fulawar shafawa da wadda ba ta tashi, an hana wurgi. Shi kuma suka kawo masa wata hula mai gilashi da ke hura masa iska mai tsabta, da sharaɗin kada ya cire ta a ɗakin kwaɓi.

Ranar da ya dawo cikinta na ce, "To, ina ka ajiye babur ɗin?" Bai yi dariya ba. Ya shafa fulawa a tebur a hankali, kamar mai shafa kan jariri, duk jikinsa a sanyaye.

Sai aka zo kan tsamin kwaɓi na baƙin burodi. Wannan da hanci Eckhard yake sanin ya kai ko bai kai ba, a cikin hular nan kuwa ba ya jin ƙanshin komai. Ya buɗe kwanon ya tsaya yana kallo. Can sai na ga hannunsa ya nufi maɗaurin hula.

Gesine ta riƙe hannun. Ta sunkuya kan kwanon ta shaƙa.

Ta ce, "Da saura. Ka ba shi lokaci kaɗan."

Muryarsa ta fito daga cikin gilashi, "Ke kuma a ina kika iya?"

"Wa kake tsammani yake shinshina wa Hinnerk, duk shekarun da hancinsa ya toshe?"

Ya daɗe yana kallonta, gilashin ya yi raɓa daga ciki. Sannan ya rufe kwanon.

Tun daga ranar, kullum Gesine tana saukowa daga ɗakinta na saman bene da ciwon gwiwarta, ta zauna a kujera kusa da tebur, shi kuma ya kawo mata kwano da hannu biyu. Suna musu a kai kamar yara, kuma burodi ya dawo yadda yake.

Na taɓa ce mata ta koya mini, ta huta. Ta ce a'a, ba don kwaɓin take saukowa ba. So take ta zauna kusa da shi, ta kasa kunne wajen ƙirjinsa, ta ji shiru.